Ƙafar Kaza a Gefen Takarda

Ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar aiki a kamfanin kujeru, sai ga mutum uku sun shigo da tef ɗin awo da sanduna masu jan fenti. Ba su tambayi kowa ba. Ɗaya ya riƙe kan tef a bakin get, ɗaya ya ja shi har bangon baya, na ukun yana rubutawa.

Gwaggo ce ta fara hango su ta tagar ofis. Ta fito da biro a hannu.

"Bayin Allah, lafiya? Me kuke aunawa?"

"Fili, ranki ya daɗe. Maigidanmu ya saya. Otal zai gina."

"Wane filin?"

Mutumin ya nuna ƙasar da take tsaye a kai.

Kamfanin na 'yan'uwa uku ne. Mahaifinsu kafinta ne, da benci ɗaya da zarto ɗaya ya fara. Kafin ya rasu ya yi wa sana'ar rajista, ya raba hannun jari gida uku. Yaya Babba ne shugaba, idonsa ya yi rauni shekara huɗu ke nan. Gwaggo ce ke bin sa, ita ke riƙe da ofis. Auta ne ke kula da shagon sayarwa a cikin gari. Su ukun ne daraktoci. Mutum ashirin da shida ke ci a rumfar nan, kuma babu wanda ya taɓa jin an ce za a sayar da ita.

Kafin azahar an kira 'yan sanda. Wadda aka turo Sufeto ce, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya. A ofishinsu Sannu-Sannu suke ce mata, amma ba a gabanta ba.

Ta same su a ɗakin taro, zagaye da wani tsohon tebur mai nauyi. Mai otal ɗin ma ya zo, ransa a ɓace, ya ajiye takarda a gabanta.

"Ni ba ɓarawo ba ne. Ga shaidata."

Shafi ɗaya ce, mai tambarin kamfani a sama. Takardar ta ce daraktoci uku sun zauna, sun amince a sayar da filin, sun kuma wakilta wani dillali ya ƙulla cinikin da sunan kamfani. A ƙasa akwai sa hannun shugaba da hatimi, irin wanda ake matsawa ya fito da tudu a jikin takarda.

"An yi wannan taron?" in ji Sufeto.

"Ba a yi ba," Gwaggo da Auta suka ce tare.

"Dillalin fa?"

"Tun jiya wayarsa a kashe," in ji mai otal. "Amma ni babu ruwana. Ranar Juma'a ofishin filaye zai sa sunana a takardar mallaka."

Sufeto ta tura takardar gaban Yaya Babba. Wani dattijo mai furfura a gefen kai, wanda ke tsaye a bayansa, ya sunkuyo ya ɗora masa yatsa a kan wurin. Shi ne Manaja, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin. Yaya ya ɗaga takardar har ta kusa taɓa hancinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Hannuna ne," ya ce.

Auta ya miƙe har kujera ta faɗi. "Yaya! Filin Baba?"

"Hannuna ne, amma ban sayar da komai ba."

"To aljani ne ya riƙe maka biron?"

Gwaggo ta juya fuskarta wajen bango, wannan kuwa ya fi wa Yaya zafi.

Sufeto ta ba mai otal rasit, ta sa takardar a ambulan. "Kowa ya zauna a gari," ta ce. "Zan zo wa kowa ɗaya bayan ɗaya."

Ta fara da Lauya, domin shi ne sakataren kamfani, a ofishinsa hatimi ke kwana. Ofishin na saman wani kantin magani ne, fanka ɗaya, fayil har rufi.

"Ki gane yadda abin yake," in ji shi. "A gaban doka kamfani kamar mutum ne, amma ba shi da baki, ba shi da hannu. Daraktoci ne bakinsa. Mutumin waje kuma ba a ce masa ya leƙo ɗakin taro ya ƙirga kawuna ba. In ya ga sa hannun shugaba da hatimi, to yana da hujja."

"Ko da ba a yi taron ba?"

"Nan ne matsalar. In shugaba ya san abin da ke ciki ya sa hannu, mai otal zai iya tafiya da fili, su kuma su yi ta shari'a da yayansu har su tsufa. In kuwa takardar jabu ce tun daga tushe, babu ciniki. Ki kawo mini shaidar haka kafin Juma'a, in roƙi kotu ta tsayar da ofishin filaye. In suna ya riga ya canza, sai dai mu yi shekaru muna hawa bene muna sauka."

"Ina hatimin?"

Ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da shi. Ƙarfen tsoho ne, amma mariƙinsa sabon katako ne mai sheƙi.

"Wannan fa?"

Lauya ya sosa ƙeya. "Mariƙin ya karye wata uku da suka wuce. Na ce kamfanin kafintoci guda, in kai wa wani gyara? Sai na ba Auta ya kai. Kwana biyu ya yi a ofishinsu."

"Ka rubuta fitarsa da dawowarsa?"

"Ban rubuta ba."

"Kai lauya?"

"Ranki ya daɗe, ki bar ni da kunyata."

Ranar Talata da safe Sufeto ta koma wajen Yaya Babba. Yana zaune a ofis, hannuwansa a kan gwiwa. Manaja ya kawo shayi kofi biyu, ya sa wa Yaya nasa a hannu, ya juya masa mariƙin kofin ta inda ya saba.

"Yaya ake yi kake sa hannu, tunda ido ya yi rauni?"

"Ina da doka," in ji Yaya. "Takarda mai rubutu, sai mutum biyu sun karanta mini, kowa daban. In bakinsu ya zo ɗaya, in sa hannu. Ko Lauya bai isa ya tsallake wannan ba."

"Wa ya karanta maka wannan?"

"Babu. Ban taɓa jin ta ba sai jiya."

"To ta ina hannunka ya hau kanta?"

Manaja ne ya yi gyaran murya. "Yaya, ka gaya mata maganar fararen takardu. Ɓoyewa ba zai taimaka ba."

Sai Yaya ya faɗa. Motocin da ke ɗauko katako daga nesa suna buƙatar wasiƙar kamfani a kowace tafiya. Wani lokaci mota za ta tashi shi yana asibiti. Don kada aiki ya tsaya, duk farkon wata yakan sa hannu a ƙasan fararen takardu goma masu tambari, a ajiye a durowa, mai buƙata ya cike.

"Ka ƙi yarda da takarda mai rubutu, ka yarda da fara?"

"'Yata, farar takarda me za ta yi mini? Ai babu komai a cikinta."

Sufeto ta kalle shi, ba ta yi dariya ba. "Su wa ke da mabuɗin ofis?"

"Ni, Gwaggo, Auta, da Manaja."

"Ni nawa na buɗe wa masu shara ne kawai," in ji Manaja yana murmushi. "Ni ba darakta ba ne, ranki ya daɗe. Ma'aikaci ne."

"Lauya ya san da fararen takardun?"

"In ya sani ai da ya cinye ni ɗanye," in ji Yaya.

Daga nan ta wuce shagon sayarwa. Auta na zaune a kan wata doguwar kujera da ba a cire ledarta ba, ya sa kwat duk da zafi.

"Na san me aka gaya miki," ya ce tun kafin ta zauna. "An ce ni ne mai son a sayar."

"Ƙarya aka yi?"

"Gaskiya ce. Sau uku ina kawo maganar a taro. Filin nan ya shigo tsakiyar gari, mu sayar mu koma bayan gari mu sayi injuna. Sau uku suna kayar da ni, biyu da ɗaya. Yana nan a littafin taro, ki duba."

"Kai ka ɗauko hatimi daga wajen Lauya."

"Ni ne. Na ajiye a kan teburin ofis, na ce a yi masa mariƙi, na tafi. Bayan kwana biyu na dawo na ɗauka."

"Kana amfani da fararen takardun?"

"Kowa na amfani da su." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ranki ya daɗe, ni mai surutu ne, amma ba mahaukaci ba ne. In na sayar a ɓoye, wa za a fara nunawa? Ko yaron goye ni zai nuna."

Sufeto ta rubuta abin da ya faɗa.

Da ta koma ofishinta da yamma ta fitar da takardar, ta sa gilashin ƙara girma. Abu biyu ta gani. Layin ƙarshe na rubutun ya hau gefen hatimi, kuma tawadar ta tsallake a kan tudun haruffan, kamar yadda fenti ke tsallake rami a bango. Ke nan hatimi ya riga rubutu hawa takardar. Na biyu, layukan sun matse da juna, an ƙanƙanta su don su shiga tsakanin tambari da sa hannu. An yi wa rubutun awo kamar yadda ake yi wa ƙofa.

Ta kai takardar bakin taga, ta karkata ta yadda rana za ta kwanta a kanta. A gefen hagu, sama da ƙasa, akwai wurare biyu da aka goge da kyau. Baƙin fensir ya fita, amma shatin ya zauna a jikin takarda. Shatin mai faɗi ne, ba na fensirin 'yan makaranta ba. Layi uku ne gajeru da suka haɗu a wuri ɗaya, kamar sawun kaza a ƙasa mai laushi.

Ta ɗauki hoto. Ta kira Lauya ta gaya masa maganar tawada.

"Yana da kyau, amma bai isa ba," ya ce. "Lauyan mai otal zai ce shugaba ne ya sa hannu a fara, ya ba wani ya cike masa. Sai kin kawo wanda ya cike."

"Zan kawo shi," in ji ta.

Ranar Laraba ta shiga rumfar aiki ita kaɗai. Ƙarar zarto ta cika wurin, garin katako na tashi. Ta bi benci ɗaya bayan ɗaya tana kallon katakon da aka auna ba a yanka ba. Kowane kafinta da fensir mai faɗi a bayan kunne. Abin da ya tsayar da ita shi ne, alamar awon ba iri ɗaya ba ce. Wannan yana yin layi biyu. Na gaba da shi yana yin kamar ƙugiya. Wani kamar rabin wata. Ta zagaya benci ashirin da ɗaya, ba ta ga sawun kaza ba.

Gwaggo ta same ta a wajen tarin katako.

"Kin zo koyon sana'a ne, ranki ya daɗe?"

"Wataƙila. Me ya sa kowa da irin alamarsa?"

Fuskar Gwaggo ta ɗan saki, karo na farko tun Litinin. "Aikin Baba ne. In katako ya yanku ba daidai ba, kowa sai ya ce ba ni ba ne. Sai ya gaji. Ranar da ka fara riƙe fensir, ranar zai ba ka alamarka. In aka ɓata katako, ya juya ya duba, ya kira sunanka. Kuma ba a ba wani alamar wani, sai in mai ita ya mutu. Har yau haka muke yi."

"Ke ma kin yi benci?"

"Shekara bakwai. Baba bai san wani abu wai mace ba." Ta durƙusa ta zana a garin katako da yatsa. "Tawa ke nan, layi biyu a gicciye. Ta Yaya, layi da ɗigo. Ta Auta kuwa da'ira ce. Baba ya ce sifiri ya ba shi, daidai da aikinsa."

"In mutum ya bar benci, yana mantawa?"

"Ina! Ni ko jerin cefane nake yi, sai in ga na gicciye. Hannu ne ke yi, ba kai ba."

Sufeto ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi mai sawun kaza ba, domin har lokacin Gwaggo na cikin masu mabuɗi.

"Wane abu ne ya fi tsufa a nan?"

"Teburin taro. Muna yara aka yi shi."

Sufeto ta roƙi a bar ta a ɗakin taron ita kaɗai. Ta tattare zaninta, ta shiga ƙarƙashin teburin da fitilar waya. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta kakkaɓe gwiwa. Ta wuce ofishin rajistar kamfanoni, ta yi awa uku a layi, ta fito da kwafen fayil ɗin dillalin da ya ɓace, har da hotonsa.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma ta tara su a ɗakin taro: Yaya, Gwaggo, Auta, Lauya, da Manaja a tsaye a bayan Yaya kamar kullum. Kuratan 'yan sanda biyu na jira a waje. Ita kuwa ta shigo da wani dogon katako a hamata.

"Kafin mu fara, ku yi mini alfarma," ta ce. "Bencin ofishinmu ya karye, masu kawo ƙara a tsaye suke yini. An ce in aka rage wannan zuwa ƙafa huɗu zai shiga. Wa zai auna mini?"

Auta ya yi tsaki. "Gobe za a ƙwace mana fili, ke kina maganar benci?"

"Kai dai ko an ba ka, gajere zai fito," in ji Gwaggo.

"Kawo, ranki ya daɗe," in ji Manaja. "Ba abin jayayya ba ne."

Ya ɗora katakon a kan tebur, ya ɗauko tef da fensir a kan taga. Shekara goma sha biyu rabonsa da benci, amma ya ja tef, ya danne da babban yatsa, fensir ya yi motsi sau uku. Bai ko kalla ba.

"Ga shi. A yanka a nan."

"Na gode," in ji Sufeto. Ta fitar da hoton da ta ɗauka, wanda aka ƙara wa girma, ta ajiye kusa da alamar. Sannan ta ajiye takardar kanta. "Gwaggo, ki kai ta bakin taga, ki karkata ta. Gefen hagu, sama da ƙasa."

Gwaggo ta kai. Ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Me kuka gani?" in ji Yaya. "Ku gaya mini, ni ba na gani."

"Ƙafar kaza, Yaya," ta ce a hankali.

Duk suka juya wajen Manaja.

Manaja ya ajiye fensir. "Kowa zai iya zana layi uku."

"Haka ne," in ji Sufeto. "Ni ma na yi wannan tunanin. Amma wanda yake so ya shafa maka laifi zai bar alamar ne a gani. Wannan goge ta aka yi, har takarda ta yi laushi. Mai gogewa ba ya so a gani."

Ta ja kujera ta zauna, ta yi bayanin ba tare da gaggawa ba.

"Tawada ta hau kan hatimi, ke nan an buga hatimi a farar takarda, rubutu ya zo daga baya. Hatimi bai taɓa haɗuwa da fararen takardun ba sai kwana biyun da ya yi a ofishin nan. Lauya yana da hatimi kullum, amma ba shi da mabuɗi, bai ma san da takardun ba. Na cire shi. Saura masu mabuɗi huɗu. Mai wannan aikin yana da takarda ɗaya tak mai sa hannu da hatimi. In rubutu ya hau kan sa hannun, ta lalace. Ɗan ofis zai yi ta gwadawa a wasu takardu har ya dace. Kafinta ba ya haka. Kafinta aunawa yake kafin ya yanka. Ya sa tef, ya yi alama a sama, ya yi a ƙasa. Yaya ba ya ganin lambar tef. Gwaggo gicciye take yi, Auta da'ira. A rumfa babu mai ƙafar kaza, na duba kowane benci. A wuri ɗaya na same ta." Ta ƙwanƙwasa tebur. "A ƙarƙashin nan. Ƙafa huɗu, alama huɗu. Uku na san masu su. Ta huɗun ce na zo da katako in tambaya."

Ta buɗe fayil ɗin rajista, ta tura hoton dillalin tsakiyar tebur. Auta ya leƙa, ya ɗago.

"Wannan ai ƙanin matarka ne, Manaja. Wanda ya zo neman aikin direba bara."

"An kama shi yau da safe a tashar mota," in ji Sufeto. "Bai yi wuyar magana ba."

Manaja ya nemi kujera ya zauna. Ba a taɓa ganin ya zauna a teburin nan ba.

"Ni na yi," ya ce. "Ni kaɗai na shirya. Shi dillalin ɗan aikena ne kawai."

"Me muka yi maka?" in ji Gwaggo. "Tare muka tashi. A kwano ɗaya muka ci."

"Shekarata goma sha ɗaya Baba ya ɗauko ni. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ranar da muka gama teburin nan ya dafa kaina ya ce, kai ne ɗana na huɗu, kasonka na nan. Da yana jinya ya sake faɗa. Da aka kawo takardun rajista sai na ga suna uku." Ya kalli hannuwansa. "Na je wajen Lauya a ɓoye, ya ce maganar baki ba ta ba mutum hannun jari."

"Haka na ce," in ji Lauya. "Haka kuma doka take. Amma na ce maka ka kawo maganar gaban daraktoci."

"In roƙa? Ni nake buɗe get, ni nake rufewa. In za ku yi taro ni nake share teburin, in kawo shayi, in fita in ja ƙofa. Bana likita ya ce ƙafata ba za ta ƙara shekara biyu tana wannan zirga-zirgar ba. Na ce in na tafi, da me zan tafi?"

"Da sai ka tafi da abincin mutum ashirin da shida?" in ji Auta. "Ka bar Yaya da sunan ɓarawo?"

Sufeto ta yi wa kuratan alama. Da suka zo fita da Manaja, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maganin idon Yaya ƙarfe biyu ne," ya ce wa Gwaggo. "Ɗigo biyu a hagu, ɗaya a dama. Kada ki juya."

Lauya ya kwashi takardun ya yi kotu da gudu. Ranar Juma'a da ƙarfe tara, kafin ma'aikacin filaye ya buɗe fayil, umarnin kotu na kan teburinsa. Sunan kamfani bai motsa ba. Mai otal ya yi faɗa, ya yi barazana, daga baya ya aiko aka tumɓuke sandunansa masu jan fenti.

Da yamma Sufeto ta dawo karɓar katakonta, domin bencin da gaske ya karye. Ta tarar da su ukun da Lauya a ɗakin taro. Ragowar fararen takardun guda shida na gaban Yaya, yana yaga su ɗaya bayan ɗaya. Auta na tsugune a gefensa, ya cire kwat.

"Yaya, ka yafe mini abin da na faɗa."

"Tashi, sifiri. Ai hannuna ne ka gani." Ya yaga ta ƙarshe. "Lauya, buɗe littafi. Yau taro za mu yi na gaske. Ka rubuta cewa na ji Baba ya yi wa Manaja alkawari. Sau biyu, kuma duk ina wurin."

Gwaggo ta juyo. "Ka ji? Ba ka taɓa faɗa ba."

"Kullum cewa nake sai an samu sarari. Shekara goma sha tara ina jiran sarari." Ya juya fuskarsa inda yake jin Sufeto take. "'Yata, laifinsa nasa ne, kotu ta yi aikinta, ba zan roƙe ki komai ba. Amma yana da 'ya'ya, kason kuma ba namu ba ne. Zan kawo shawara, waɗannan biyun su kaɗa ƙuri'a yadda suka ga dama."

Sufeto ta ɗauki katakonta. An yanka shi daidai kan alamar, ƙafa huɗu cif. Da ta kai ƙofa ta waiwayo. Yaya ya zura hannu ƙarƙashin teburin, yana lalubawa daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ƙafa huɗu gare shi tun ranar da aka yi shi," ya ce. "Mu ne muka ƙirga uku."

Lauya ya buɗe littafi, ya rubuta kwanan wata.